Bido biyu da littafi ɗaya: yadda matashi zai gina ƙarfi ba tare da rauni ba

Da zarar an kammala gasar takobi ta kokowar gargajiya a Nijar, sai ka ga samarin Maraɗi sun duƙufa ɗaga nauyi. A cika gwangwani biyu da siminti, a soka ƙarfe a tsakiya, shi ke nan an samu kayan aiki. Ba abin mamaki ba ne a garin Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin abin: kowa na son ɗaga abin da abokinsa ya ɗaga, yau-yau ɗin nan.

Iyaye da yawa na tsoron ɗaga nauyi zai hana yaro tsawo. Tsoron na da tushe, domin a bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi inda tsayi ke ƙaruwa, kuma wurin bai kai ƙashi ƙwari ba. Amma abin da ke ji masa ciwo shi ne nauyin da ya fi ƙarfin yaro, da fizga, da rashin babba a wurin. Yaro ɗan shekara 7 ko 8, mace ko namiji, in dai yana jin magana yana bin umarni, zai iya farawa da nauyin jikinsa. Kafin balaga ƙwanji ba ya kumbura sosai, ƙarfin da ke ƙaruwa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake, suna koyon sarrafa tsoka. Mai horarwa ya gaya wa yaran wannan tun ranar farko, don kada su duba madubi su karaya.

Kwana biyu ko uku a mako sun isa, kuma ba a jere ba, misali Litinin, Laraba da Asabar. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa. A fara da minti 5 zuwa 10 na ɗumama jiki da sassarfa, tsalle-tsalle da juya kafaɗa. Daga nan sai motsi biyar: tsugunno da tashi, tura ƙasa da hannuwa ana kife, jan jiki sama a jikin ƙarfe har haɓa ta wuce shi, ɗaga kaya daga ƙasa, da tafiya ɗauke da kaya a hannu biyu. Kowane motsi sau 8 zuwa 12, zagaye ɗaya ko biyu a watan farko, daga baya uku, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani.

Ɗaga kaya daga ƙasa shi ne ya fi amfanar ɗan kokowa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kayan su kasance dab da ƙwauri. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. A tura ƙugu baya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, baya ya miƙe sak daga wuya zuwa ƙugu, a ja numfashi a ɗaure ciki, sannan a taka ƙasa da ƙarfi a miƙe. Idan ka tsaya a gefe ka ga bayan yaro ya yi doro, ka tsayar da shi nan take, ko da saura uku ya cika. Doron nan na nufin nauyin ya bar cinya da ɗuwawu ya koma kan ƙashin baya. A tsugunno kuwa, a lura da diddige kada ya tashi, da gwiwoyi kada su karkata ciki su nufi juna.

Ni bido, wato jarkar ruwa, na fi yarda da shi a kan gwangwanin siminti. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ka san abin da ka ɗora wa yaro. Gwangwanayen kuwa da wuya nauyinsu ya zo ɗaya, sai kafaɗa guda ta riƙa ɗaukar fiye da rabonta. Idan yaro ya yi sau 12 a kowane zagaye, jikinsa bai karkace ba, har zama biyu a jere, sai a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Mai ɗaga lita 10 ya koma 11, ba 15 ba.

Nan littafi ya shigo. Kowane yaro ya samu ƙaramin littafi na kansa, ya rubuta rana, motsi, nauyi da adadi, da hannunsa. Ina ganin babu kayan aikin da ya kai wannan. Yaron da ya buɗe shafin wata biyu baya ya ga 3 a wurin jan jiki, yau kuma ya rubuta 8, ya daina auna kansa da ƙaton unguwa. Ya ga cewa zuwa a kan lokaci yana biya, kuma fashin mako biyu ma yana fitowa a takarda ba tare da kowa ya yi masa faɗa ba. Yara masu kunya, waɗanda ba a zaɓa idan ana raba ƙwallo, su suka fi canzawa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a yi horo bayan asuba ko dab da magariba, da ruwan sha a kusa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. A watan azumi a rage nauyi, a mayar da horon bayan buɗa-baki. Abinci ba sai na kanti ba: wake, awara, ƙwai, fura da nono, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Barci awa 8 zuwa 10.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan horo ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gaɓa, ko kumburi, ko ɗingishi, wannan a dakata a je asibiti. Masu saurin tsawo sukan yi ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, su sai a rage musu tsalle da gudu. Tramol kuma kada ya kusanci wurin horo. Yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da yaro, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana iya jawo farfaɗiya. Mai horarwar da ya ga alamarsa a jikin yaro ya je ya samu mahaifinsa a gida tun ranar.