Ranar da teku ya hau fadamar Parkgate

Wanda ya zo Ingila aikin jinya, a farkon zamansa wuri uku ya sani: asibiti, ɗakin kwanansa, sai shagon da ake sayar da naman halal. Haka na yi sanyina na farko a yankin Wirral, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool. In fita da duhu in dawo da duhu, don a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ranar hutu kuwa barci ne da kiran gida.

Wata dattijuwa da muke aiki tare ce ta gaji da ganina haka. Cikin watan Maris ta tare ni a ɗakin shan shayi ta ce, "Ɗana, jibi akwai babban ruwa a Parkgate. Ka sa rigar sanyinka mafi kauri, zan biyo in ɗauke ka."

Parkgate ƙauye ne a bakin kogin Dee, mai jerin gidaje a gefe ɗaya na titi, ɗaya gefen kuma katangar jan dutse ce irin ta bakin teku. Sai dai in ka leƙa bayan katangar ba ruwa za ka gani ba. Ciyawa ce shimfiɗe iya ganinka, da 'yan magudanai masu laka, can nesa kuma tsaunukan Wales. A ƙarni na 18 nan tashar jiragen ruwa ce, daga nan ake tashi zuwa Dublin. A 1737 aka haƙa wa kogin Dee sabuwar hanya, ruwa ya karkata wajen gaɓar Wales, laka ta yi ta taruwa a wannan gefe. A 1928 aka dasa wata ciyawa mai jure gishiri a Connah's Quay, wani gari a gaɓar Wales, ita kuwa ta bazu, ta riƙe lakar, ta cinye bakin tekun. Ni da na tashi a ƙasar Haɗeja ban sha wuyar gane labarin ba, domin na ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta bar masunta da kwalekwale a tudu. Bambancin kawai, a nan ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta sayi wani yanki na fadamar a 1979, ta mayar da asarar masunta ta zama gidan tsuntsaye.

Mun sami mutane cike da bakin katanga, kowa da madubin hangen nesa da fulas ɗin shayi, ba mai ɗaga murya. Ruwan bai zo da hayaniya ba. Magudanai ne suka fara cika, sannan ya riƙa ɓullowa ta tsakanin ciyawa, har wurin da na ga busasshe ɗazu ya koma tafki. Nan fa duk abin da ke ɓoye ya fito neman tsira. Ɓeraye da jaɓa na iyo suna nufo katanga. Wani ɗan ɓera ya maƙale a kan guntun katako dab da ƙafafunmu, jikinsa sharkaf, yana makyarkyata, bai ma kula da mu ba. Zalɓe ya tsaya cikin ruwa yana ta caɓe na kusa da shi yana haɗiyewa. Ga mujiya da rana tsaka tana shawagi ƙasa-ƙasa, abin da a gida sai a ce a yi addu'a, a nan kuwa wani tsoho na ta taɓa kafaɗata yana nuna min ita kamar ya ga ɗan'uwansa.

Shi wannan tsohon ne ya ciro wani ɗan littafi mai jadawalin ruwa ya yi min bayani. Sau biyu teku ke cika ya janye kowace rana, amma bai isa katanga sai an yi hasashen tsayinsa zai kai wajen mita 10, a kuma dace da iska daga yamma tana tura shi. Wani lokaci jama'a su taru ruwan ya ƙi zuwa. Na duba ranakun da ya ja wa layi, na duba kalandar Musulunci a wayata, sai na ga sun faɗa farkon wata, ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan sha huɗu. Ashe wata ne ke jan ruwan, ya fi ƙarfi idan ya daidaita da rana, musamman wajen Maris da Satumba. Na ce masa ai ba na bukatar littafin, mu kullum muna sane da kwanan wata. Ya yi dariya sosai, kuma tun daga ranar in mun haɗu sai ya tambaye ni nawa ga wata.

Na ɗauka a ƙasar nan ba abin da na zo da shi da zai yi amfani in ban da takardar shaidar aiki. Abin ya yi min daɗi fiye da yadda zan iya faɗa masa.

Da zafi ya shigo na je Burton Mere, wani gidan tsuntsaye na RSPB, 'yar tafiya kaɗan kudu da Parkgate. Na tarar da layin mutane suna rige-rigen leƙa wani tsuntsu, aka matsa min da ladabi in duba. Balbela ce. Balbelar da ke bin shanu a bayan gidanmu, ko yara ba sa ɓata mata dutse. Sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Birtaniya, a Burton Mere kuma a 2017. Ban ce komai ba, na yaba kamar kowa.

Kada wanda zai je da zafi ya ɗauka Ingila ba sauro. Fadamar na haifar da shi, mutanen Parkgate da na garin Neston da ke kusa na kuka da shi duk shekara, sai dai ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro.

Da na ba Inna labari a waya ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu kai duk kuɗin jirgin nan, kallon ɓera da balbela ka je yi?"

Na ce, "Inna, har da mujiya."

Ta ce in riƙa karanta Falaƙi da Nasi kafin in tafi.