Shugaban da na guje wa ya bi ni har Saudiyya

Ban zaɓi Bola Ahmed Tinubu ba a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, kuma a jihar Kaduna ba ni kaɗai ba ne, domin Atiku Abubakar ne ya fi samun ƙuri'u a jihar. Ranar 29 ga Mayu, Tinubu yana tsaye a wurin rantsuwar kama mulki ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, a watan Yuli kuma ta haura 600. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti a Zariya, gidana kuma yana Tudun Wada, sai ga shi kuɗin zuwa aiki da komowa yana neman cinye abin da ake saka wa a tukunya. Na faɗa a majalisarmu, na faɗa a wurin aiki, cewa ba zan zauna ƙarƙashin wannan mulki ba. Da na ji wani asibiti mai zaman kansa a Saudiyya yana ɗaukar ma'aikata, sai na tattara takarduna, na sayar da fulotin da nake da shi a hanyar Shika, na biya kuɗin tantance shaidar karatu da na jarrabawar lasisi.

Da na je cikin gari yi wa mahaifina sallama, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Kai da wane ne kuka yi faɗa?” Na ce, “Baba, mulkin nan ne ba zan iya da shi ba.” Ya ce, “To, shi wa'adinsa shekara huɗu ne, in ya yi sa'a takwas. Kai naka wa'adin nawa ne?” Bai hana ni ba, ya sa mini albarka, amma ya tuna mini cewa Bazazzagi ba baƙon barin gari ba ne. Lokacin jihadi Sarki Makau ya fita daga Zariya ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, har yanzu kuwa sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa. Sai dai Makau takobi ne a bayansa. Haka Umaru Dikko, wanda ya tsere Ingila bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, nemansa ake yi da gaske, har aka saka shi a akwati a Landan a 1984 da nufin dawo da shi. Ni kuwa babu mai nemana, shugaban bai ma san ina duniya ba.

Ba zan yi wa Saudiyya butulci ba. Wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji, sinadaran aiki ba sa yankewa, ba a tura ɗan'uwan majiyyaci waje ya sayo safar hannu, albashi yana shigowa a ranarsa, na kuma yi Umara ba tare da na ci bashi ba. Wanda ya ce duk mai fita waje wahala kawai yake sha, ko dai bai je ba, ko kuwa yana lallashin kansa ne.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda zan zama mai cin moriyar abin da na gudu dominsa. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma take bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kowace dala ɗaya, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, albashina yana kumbura ba tare da an ƙara mini ko sisi ba. Na samu kaina da safe ina duba farashin canji a waya, in na ga naira ta ƙara faɗuwa sai in ji wani sanyi a raina, alhali wannan faɗuwar ita ce ke rage tuwon ƙannena. Kuɗin kuma ba su zauna ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a tsakiyar 2024, na abinci ya fi haka, kuma a dangi an riga an san cewa wane yana Saudiyya. Kuɗin makarantar 'ya'yan yayata, maganin hawan jinin Baba, buhun masarar gidan kawu, gudummawar biki da ta suna, duk ta wayata suke biyowa. Manufofin da na tsallake teku don kada su taɓa ni, kowane ƙarshen wata sai sun zo sun karɓi rabonsu.

Sai batun baki. A Zariya, a teburin mai shayi a Samaru ko a cikin motar haya daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka, mutum yana sukar shugaban ƙasa da sunansa, a yi musu, a yi dariya, kowa ya kama gabansa. A inda na je ba a zaɓen sarki, ba a yarda da zanga-zanga ba, an kuma sha ɗaure mutane saboda abin da suka rubuta a intanet. Takardar zamana, wato iƙama, a rataye take da wanda ya ɗauke ni aiki. Tun makon farko wani Bakano da ya daɗe a can ya ja ni gefe ya ce, “Malam, nan aiki ya kawo ka, ka bar siyasa a filin jirgi.” Na bar ƙasata don na ƙi shugaba, na koma inda ko tunanin ƙin shugaba ba a furtawa, kuma na yi biyayya lafiya lau, domin baƙo ba ya da ta cewa.

Ƙuri'ata ma ta zama ba ta da amfani, tunda dokar Najeriya ba ta ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke ba, sai mutum ya dawo rumfar da ya yi rajista. Wannan ya fi damuna idan na tuna lissafin 2023: mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, wanda ya ci kuma ƙuri'unsa ba su kai miliyan 9 ba. A 2015 mun ga shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Kujerar tana kawuwa, amma da hannun waɗanda suke nan take kawuwa.

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka kafa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Matata da yara suna Tudun Wada, domin ɗauko su ya fi ƙarfina: Saudiyya tana karɓar riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci yake riƙe da shi, ban da haya da kuɗin makaranta. Ina zaune a ɗaki mai sanyi, cikina a ƙoshe, ina kiran waya ina tambayar ko akwai sauran gari a gidan. A ranakun nan ne na yanke cewa ba zan sabunta kwantiragi ba.

Na dawo, kuma ban yi nadamar tafiyar ba, domin da kuɗinta na sayi wani filin, na kuma buɗe ɗan ƙaramin ɗakin gwaji da ke aiki da hasken rana. Ra'ayina game da shugaban bai sauya ba ko kaɗan. Abin da ya sauya shi ne yadda nake auna dalilin tafiya. Wanda ake farautar ransa ya tafi, babu mai ganin laifinsa. Wanda sana'arsa ta fi daraja a wani wuri ya je ya nemo, ci-rani gadonmu ne, amma ya yi lissafinsa da alƙalami: kuɗin hanya, wanda zai riƙe masa gida, da ranar komowa. Wanda kuwa haushin shugaba kaɗai ke tura shi, ya sani shugaban ba zai ji zafin tafiyarsa ba, majiyyatan da ya bari a layi ne za su ji. Hajiya Gambo Sawaba ta ƙi masu mulkin zamaninta fiye da yadda na ƙi nawa, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ba ta ƙaura daga Zariya ba, yau ga babban asibitin Ƙofar Gayan da sunanta.

Abokin aikina da muka tafi tare ya sabunta nasa kwantiragin, har yana neman hanyar wucewa Ingila. Marayun yayansa ne a wuyansa, albashin gida kuwa ba zai ɗauke su ba. Mun yi musu a waya har katina ya ƙare, bai rinjaye ni ba, ni ma ban rinjaye shi ba, kuma ni ne nake kai wa mahaifiyarsa saƙonsa a Sabon Gari duk wata.