Durowa ko akwatunan roba a bayan Hilux: abinda na gani bayan damina biyu

Wata ranar Laraba ce a wani ƙauye gaba da Dambatta, ina saman rufin kwano wajen ƙarfe ɗaya na rana, zafin kwanon har ta cikin takalmi nake jinsa, nace wa yarona ya miƙo min filayar da muke matse kan waya da ita. Wallahi sai da yaron nan ya kusa minti ashirin yana birkita bayan mota, ya sauke akwati uku, ya zazzage buhun waya, ina sama ina kallonsa gumi na zuba a idona, daga ƙarshe ya ɗago kai yace Oga ko mun baro ta gida ne? Ashe tana can ƙasan akwatin da ke manne da gidan direba, tsani da nadin kebul sun danne shi. A ranar na ƙudurta cewa dole in gyara tsarin bayan motar nan.

Sana'ata haɗa sola ce, gidaje da shaguna da famfon rijiyar burtsatse, kuma motar Hilux ce mai ƙofa huɗu, ta hannu na saya. Masu irinta sun san bayanta ba wani girma gareshi ba, na sa tef na auna, tsawon kusan mita ɗaya da rabi ne, zurfin kuma bai cika rabin mita ba. To a ɗan wannan filin ne ake so sifanu da diril da mita da noti da kilif da fanel da batir da tsani duk su zauna lafiya, kuma ranar Asabar ace za'a kai taki gona.

Da farko akwatunan roba nake amfani dasu, irin masu murfi ɗinnan da ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, sai akwatin ƙarfe ɗaya irin na ƴan makarantar kwana da na sa wa kwaɗo. Gaskiya ba zan zage su ba don suna da rana. Arha ne dasu, in ɗaya ya fashe ka sayi wani, kuma babban abun shine zaka iya ɗaukar akwatin ɗungurungum ka shiga dashi gidan da zaka yi aiki, ba sai kana zarya tsakanin mota da ɗakin inbata ba, musamman a lungunan cikin gari da mota bata shiga, ka ajiye ta bakin titi ka taka. Amma matsalarsu ita ce basa zama inda ka ajiye su. Ka bi hanya mai gargada na rabin awa, ka taka birki sau biyu, duk sun tsere sun taru a can gaba inda hannu baya kaiwa sai ka hau. Hawa da sauka sau goma sha a yini, gwiwa tana gaya maka da daddare. Ga rana, robar da ba mai kauri ba in ta sha ranar watan Maris da Afrilu sai ta bushe tayi fari, wataran kana ɗaga murfi kawai kaji ƙas ya tsage. Sannan akwati abu ne mai hannu, an yi shi ne don a ɗauka, kuma ba kai kaɗai ka san haka ba. An taɓa ɗauke min guda a wata kasuwa na shiga biyan kuɗin kaya, minti biyar ban yi ba, diril ɗina da batiransa biyu suna ciki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don da kuɗin aikin farko da na samu da kaina na saye shi.

Sai na fara kallon irin durowoyin da Turawa ke sawa. Akwai wani kamfani na Amurka DECKED, su nasu da roba mai ƙarfi suke yi, durowa biyu dogaye a ƙasa sannan saman ya zama dandamali shafaffe da suka ce yana ɗaukar kusan kilo 900, akwai kuma ARB na Ostireliya masu kayan motocin daji. Abun ya burge ni ƙwarai, amma ko da na lissafa kuɗinsa da dala da kuɗin jirgi da na kwastam sai na rufe maganar. Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo ƙarfen angul da sikwaya fayif da filawud mai kauri, na kai wa wani dattijo mai walda a unguwarmu da hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya zagaya motar, sannan yace ɗana zan yi maka, amma ka sani kana mayar da a-kori-kura kabad ne, ita kuma don ɗaukar kaya aka yi ta. Nace Baba ayi kawai. Sati biyu ya gama, durowa biyu masu gudu akan boris, wato ƴan tayoyin ƙarfen nan masu ƙwallaye a ciki, saman filawud da muka lulluɓe da robar shimfiɗa.

Watannin farko kam sai hamdala. Ka sauke murfin baya, ka ja, komai ya fito gabanka a jere kamar kantin magani, kana tsaye a ƙasa ba hawa ba sauka. Na raba cikin da katako, gidan noti daban, gidan sukudireba daban, mita a cikin soso don kar ta bugu. Yaron da a da yake ɓata minti ashirin yanzu ko ban faɗa ba ya san inda komai yake, kuma in abu ya ɓace da yamma gurbinsa zaka gani fayau, kafin mu bar wajen aiki an nemo. In aka rufe murfin baya aka kulle kuwa durowa bata jawuwa, wanda ya leƙo ba abinda zai gani sai allo. Wani amfanin da ban yi tsammani ba shine fanel. Manyan nan na wat 550 faɗinsu ya ɗan haura mita ɗaya da santimita 10, tsawon ya wuce mita 2, basa kwanciya daidai a ƙasan bodi saboda tudun tayoyin nan biyu, kullum a karkace muke ɗaure su ina fargabar gilashi. Da dandamalin ya hau saman tudun sai suka samu shimfiɗa, mu sa katifa mu jera mu ɗaure, hankali kwance.

To sai hunturu ya shigo. Baba ya cika boris ɗin da giris don su yi santsi, ƙurar hanya kuma ta bayan mota take shiga, duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura a hanyar burji ya san yadda take murɗawa ta dawo ciki. Giris da ƙura suka haɗu suka zama kamar ƙullin tuwo mai tsakuwa, durowar da nake ja da yatsa biyu sai da ta koma mu biyu muke ja ina tokare ƙafa da bamba. Na wanke da fetur, sati uku ta koma. Damina kuma ta zo da nata, ruwa yana bi ta gefen allo ya kwanta a ƙasa inda ido baya gani, ranar da na zaro durowar hagu gaba ɗaya na tarar da tsatsa ta fara cin ƙasan bodin, ga filawud ya kumbura ta baki.

Amma duk wannan gyara ne, ana iya maganinsa. Abinda ba ya gyaruwa shine zurfin da ta cinye. Cikin abinda bai kai rabin mita ba durowa ta ɗauke fiye da rabi, bangon da ya rage a sama bai wuce taƙi ɗaya ba. Batir mai amfiya 200 nauyinsa wajen kilo 60 ne, ɗaga shi zuwa murfin baya ma aiki ne balle a ƙara masa wani hawa, kuma in ka jera huɗu a can sama ba bangon da zai tare su, kana shan kwana kana jin motar tana rinjaya. Ga nauyin ita kanta durowar, ƙarfe da katako da sai mutum huɗu suke sauke ta, kullum yana kan sifirin ko da kaya ko babu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda zai ce maka baya lissafin abinda yake ja a banza.

Abinda ya karya min gwiwa da kaka ne. Mahaifina ya kira yace in zo in kwaso masa masara daga gona kamar yadda na saba duk shekara. Na je, aka fara lodi, buhun da a da muke tsayar da shi ya jingina da bango yanzu sai dai a kwantar a saman allo, muka ɗora kaɗan muka ga abun ba zai yiwu ba sai an yi sawu uku. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dafa motar kawai yace to ai shikenan, bari a nemo amalanke ta taya ka. Na ji kunya sosai ranar. Da babbar sallah ma haka, ragon da za'a kai wa surukaina sai a motar wani aka sa shi, don ba yadda za'a yi dabba ta tsaya akan dandamali mai santsi ba abin tarewa.

Bayan sallar na koma wajen Baba mai walda nace a yanke rabi. Bai ce min ai na gaya maka ba, ya ɗauko abin yankansa kawai. Yanzu durowa ɗaya ce siririya a ɓangaren direba, ita ke riƙe da duk ƙananan kaya masu tsada da waɗanda hannu ke nema kullum. Muka canza boris zuwa masu rufaffen baki, ba giris a waje, burushi kawai nake sawa in share hanyar duk Juma'a. Muka ɗaga ta kaɗan daga ƙasa don ruwa ya wuce, aka kankare tsatsar aka shafa jan fenti. Ɗaya ɓangaren kuma fili ne har ƙasa, nan batir yake zama, nan buhu yake tsayawa, sai akwatuna uku masu kauri, na kebul da na kayan famfo da na igiya da tamfol, kowanne na rubuta sunansa da fenti a gefe ba a murfi ba don murfi yana musanyuwa. Na gitta katako a tsakiya ya hana su tserewa gaba, na kuma lanƙwasa rodi ya zama ƙugiya da nake jawo su ina daga ƙasa. Ranar ɗaukar fanel akwai allo mai cirewa da muke ɗorawa akan angul ya daidaita da saman durowar, in an gama a jingine shi a shago.

Abokan sana'a suna yawan tambayata wanne zasu yi. Ni dai abinda nake tambayarsu shine motar tana da wani aikin banda naka? In ta kamfani ce ko ta ma'aikata, kaya iri ɗaya take ɗauka daga Litinin zuwa Juma'a kuma akan kwalta, sa durowa biyu ka huta, bayanka da gwiwarka zasu gode maka. In kuwa irin tawa ce da ita ce ta aiki ita ce ta gona ita ce ta kai kayan ɗakin ƙanwa, kar ka kashe ƙasan bodinka gaba ɗaya, fara da akwatuna masu kyau da bel ɗin ɗaurewa ka yi wata uku kana lura da abinda kake yawan hawa nema, shi kaɗai zaka yi wa durowa.

Saura abu ɗaya da har yanzu yake damuna, akwatunan suna nan a fili kuma tamfol baya hana mai niyya. Nayi magana da Baba akan sarƙa da zata bi ta hannayensu ukun ta kulle a jikin angul, yace in kawo motar ranar Asabar bayan la'asar ya auna.