Haruffa huɗu a gaban sunana

Ranar Talata ce, watana biyar da zuwa Abuja. Muna taron mako a cikin kwantenar da muka mayar ofis, can bayan Lugbe inda kamfaninmu ke gina benaye masu hawa uku. Aka zagayo da takardar da kowa ke rubuta sunansa. Na ga waɗanda suka riga ni sun sa Engr., wato Injiniya, kafin sunayensu, ni ma na sa. Takarda ta je hannun wani abokin aiki, yaron da na ba wa aƙalla shekara takwas. Ya duba, ya ɗago kai, ya tambaye ni da Turanci, a gaban wakilin mai gini da foman da kowa, mece ce lambata ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Na ce ban gane ba. Ya maimaita da Hausa, a hankali, kamar mai karanta wa yaro allo. Na ce ba ni da ita. Sai ya cire murfin biro, ya ja layi biyu a kan haruffan nan huɗu, ya tura takardar gaba.

Ba wanda ya ce uffan. Aka koma maganar tifar yashin da ba ta zo ba. Ni kuwa har aka tashi ban san me aka tattauna ba, idona na kan layukan nan biyu.

Ni mutumin Maraɗi ne, a Bagalam aka yanke mini cibi. Na yi karatuna a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, na fito a 2012, na yi shekara tara ina shantiye: azuzuwan lakkwal a ƙauyukan Dakoro, magudanan ruwa a Tasawa, tankin ruwa mai ƙafa wanda har yau in ka doshi garin shi kake fara hangowa. A wurinmu ranar da ka karɓi takardarka ka zama injiniya a bakin kowa, daga mai unguwa har mai sayar da ƙosai. Kuma da na ƙetara Ɗan Isa na shigo Jibiya a 2021, ko kaɗan ban ɗauka ƙasar waje na zo ba. Ta yaya? Sarkinmu Sarkin Katsinan Maraɗi ne, naira tana yawo a kasuwarmu tun ina yaro, ƙanwar mahaifiyata a Katsina take aure. A cikin kwantenar nan ne na fara sanin ni baƙo ne.

Yaron bai yi ƙarya ba, wannan na yarda. A Nijeriya tun dokar 1970 da ta kafa COREN, sai wanda hukumar ta yi wa rajista ke da ikon sa wannan laƙabi, shi ke da lamba, shi ke buga hatimi a kan zane. Yanzu ni ma ina bayan dokar, domin rai ake ɗorawa a kan dekin. Amma da ya ja ni gefe bayan taro ya gaya mini, me zai ragu a jikinsa? Bayan kwana biyu na ji shi da kunnena yana cewa a ba "ɗan Nijar ɗin nan" lissafin bulo. A Abuja in an ce ɗan Nijar, abin da ke zuwa ran mutane shi ne mai shayi, ko mai gadi, ko mai tura kurar ruwa. 'Yan'uwana ne, da su nake cin tuwon dare a Mararraba, kuma ban taɓa jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai na san abin da yake nufi da ya faɗa, shi ma ya san na sani.

A taron nan akwai wani dattijo da ke zuwa duba rodi kafin a zuba kankare. Mutumin Jos ne, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun kafin a haife ni, lebura da birkila duk Baba Injiniya suke ce masa. Bayan mun idar da la'asar ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce: "Ɗana, ranar Asabar ka same ni gida a Kubwa. Ka zo da duk wata takarda da kake da ita, har wadda kake ganin ba ta da amfani."

Na je da jaka cike. Ya shimfiɗa tabarma a barandar gidansa, ya baje su ɗaya bayan ɗaya, ya sa na karanta masa Faransancin ina juyawa da Hausa. Shi ya jera mini hanyar: a fassara difloma, a kai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta, a nemo wasiƙun wuraren da na yi aiki, a rubuta rahoton ƙwarewa na abin da bai gaza shekara huɗu ba, sannan a zauna gaban kwamiti su yi ta tambaya. Bai taɓa karɓar ko sisina ba. In na zo da kilishi daga gida ya karɓa, ya ce a kai wa Hajiya ciki, shi ke nan.

Asabar nawa na yi a barandar nan, ban ƙirga ba. Ni da BAEL 91, ƙa'idar lissafin kankare ta Faransa, aka rene ni, nan kuwa BS 8110 ta Ingila ke bakin kowa. Rodin da muke kira HA12 su Y12 suke cewa. Birkila da inci yake magana, bulo inci tara, bulo inci shida, ni kuma kaina da santimita yake aiki. Mu waƙafi muke sawa a tsakiyar lamba inda su suke sa ɗigo, to in na rubuta 2,500 ina nufin mita biyu da rabi, mai karantawa ya ga dubu biyu da ɗari biyar. Duk waɗannan ƙanana ne. Wanda ya hana ni barci shi ne ranar da na kai masa lissafin wata bim, dogon kankaren da ke ɗauke da dekin, da na sake dubawa da tsarinmu na gida. Ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a kan 25, lambar ƙarfin kankare, ya ce: "Wannan ashirin da biyar ɗin, ta wane mazubi ce?" A gida, kankaren gwaji a mazubi mai siffar gwangwani muke zuba shi, faɗi santimita 16, tsawo 32, a matse shi bayan kwana 28. A nan kiyub ake yi, mai milimita 150 kowane gefe. Kankare ɗaya ne, amma kiyub ya fi nuna lamba babba: abin da ya ba da 25 a gwangwani yana ba da wajen 30 a kiyub. Ke nan 25 ɗin da ke kan zanensu, a ma'aunina wajen 20 ce. Na ba kankaren ƙarfin da ba shi da shi. Gumi ya karyo mini. Baba bai ɗaga murya ba, ya miƙo mini fensir ya ce in sake daga farko, ya tashi ya je alwala. Lokacin da wata makaranta ta rufta da ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, a unguwar da ya sani tun yana yaro, na same shi zaune bai taɓa shayinsa ba, ranar ba mu buɗe takarda ko ɗaya ba.

Rahoton ne ya fi ba mu wahala, kuma ba Turancin ba ne kaɗai. Na rubuta shafi ashirin na kai masa, ya dawo mini da su jajaye da biro. Duk inda na ce mun auna, mun zana, mun yanke shawara, ya zagaye. Ya ce: "Ku su wa?" Na ce Baba, ai ba a yi mana tarbiyyar cewa ni na yi ba, ko gona mutum ya nome shi kaɗai cewa yake mun gama. Ya ce: "A zaure ka ce mu, ya yi kyau. Amma ranar da gini ya tsage, ba mu ake nema ba, mutum ɗaya ake nema, wanda hatiminsa ke kan takarda. Kwamiti so suke su san ko kai ne shi." Na koma ɗakina na zauna da tankin ruwan nan a raina, ina rarrabewa: wannan shugabana ya yanke, wannan ni na ce a ƙara zurfin tushe saboda ƙasar ta yi laushi, kuma na yi gardama a kai har aka yarda. Da na rubuta jimlar farko da "ni", sai da na ajiye biro na fita waje. Na yi alfahari a daren nan, ban da wanda zan gaya wa.

Ɗakin nawa a Mararraba yake, ciki ɗaya. Ina fita da an sallame asuba don in riga cunkoson Nyanya, in dawo bayan isha. Iyalina suna Maraɗi. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka, wata bakwai ban sa su a ido ba, wasiƙun da nake jira daga tsofaffin wuraren aikina su ma suka maƙale, naira kuma ta yi ta zubewa har abin da nake aikawa in an canza shi sefa sai uwargida ta yi shiru a waya kafin ta ce an gode. 'Yata ta fari tana aji huɗu a lakkwal, takan karanto mini haddarta ta Faransanci ta WhatsApp. In na kawo su nan, sai ta koma baya ta fara Turanci. In na bar su, autana zai ci gaba da ɓuya bayan zanen uwarsa duk ranar da na shigo gida da jaka. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce kullum, ko ina samun fura ta hatsi ta gaske. Nakan ce ina samu.

Mahaifina magini ne. Da cokalin gini da igiya ya biya mini karatu, rabin katangun unguwarmu hannunsa ne. Yanzu ido ya yi rauni, yakan wuni a dakalin ƙofar gida, duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ji cewa ɗansa injiniya ne a Habuja, yana gina wa manya benaye. Ban taɓa gaya masa maganar layukan nan biyu ba. Baba Injiniya ya ce in gaya masa, magini zai gane. Har yau ban iya ba.

A ƙarshen Agustan 2024 ruwa ya sauka a Maraɗi irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba, gidaje suka yi ta zubewa, aka rasa rayuka. Kwanaki kaɗan bayan nan tsohon masallacin ƙasa na Birni a Damagaram ya faɗi. A gidanmu katangar gabas ce ta kwanta, ta tafi da rabin zaure, Allah ya tsare ba kowa a ciki. Ina tsaye a kan dekin hawa na uku a Lugbe ƙanena ya turo mini hoton. Ga turken akuyar Inna a fili, ga randa a fashe, ga tsohon a tsaye da sanda a kan tarin ƙasar da shi ya ɗora ta da hannunsa kafin a haife ni.

Sai bayan damina muka fara tayar da ita, kaɗan kaɗan yadda kuɗi suka samu, ni daga nan, su daga can. Na zana tushe a takardar rahotona ta baya, na ɗauki hoto na tura: a haƙa santimita 80, a zuba kankare, a sa ginshiƙi duk bayan mita uku, rodi huɗu a kowanne. Ƙanena ya riƙe waya yana nuna mini rami, ina jin muryar tsohon a gefe yana cewa zurfin ya yi yawa, asarar siminti ce kawai, shi ya san ƙasar nan tun ba a haifi mai zanen ba. Na ce a ba shi wayar. Na gaishe shi, na tambayi ido, sannan na ce: "Baba, ku yi haƙuri, ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Ni na auna, ni na ce a ƙara." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce wa ƙanena: "To, ku ƙara taƙi ɗaya. Injiniya ya faɗa."

Takarduna sun shiga tun watan jiya, ina jiran ranar zama gaban kwamiti. Baba Injiniya ya ce Asabar mai zuwa in zo da wuri, zai zauna a kujera ya yi mini tambayoyi da Turanci kamar bai san ni ba. Katanga ta kai linta. Jiya da dare ƙanena ya kira, ya ce tsohon ya hana a ɗora bulon ƙarshe na bakin zaure, wai a bar shi sai na zo da Sallah.