Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har muryar Inna ta dawo

Assalamu alaikum. Alhamdulillah, jiya da daddare na sake jin muryar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana sa wa jikokinta albarka a wani saƙon murya na 2020. Kwana goma sha biyu na yi ina zaton na rasa shi har abada.

Shekara huɗu ke nan ina da ƙaramar saba a gida, wato kwamfutar da ke ajiye mana fayiloli: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da faifan ajiya mai terabait 2, da manhajar ajiyar fayiloli ta Nextcloud a kai. Duk hoton da muka ɗauka ni da uwargida, da zarar waya ta hau intanet ɗin gida sai ya wuce can, mu kuma mu share na wayar don samun fili. Saƙonnin muryar Inna ma a can suke. Kwatsam wata safiya faifan ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, komai ya ƙi buɗuwa. Sai a lokacin na tuna babu wani kwafi a ko'ina.

Yaya, kai na fara kira, hannuna na rawa. Ba ka tsaya tambaya ba ka ce, "Cire shi daga wuta yanzu, kada ka sake kunnawa." Wallahi niyyata a lokacin in yi ta kashewa ina kunnawa, in sa manhajar gyara. Daga baya na fahimci faifan da ke mutuwa duk juyin da ya yi ƙara lalacewa yake, kuma gyara rubutu ne a kan abin da ake son cetowa. Maganarka ce ta tsare sauran aikin. Allah Ya ƙara girma.

Sai abokin aikina, Malam, da ka zo da kwamfutarka mai Linux da faifanka na aro. Ka yi amfani da ddrescue, manhajar kwafe faifan da ke mutuwa zuwa wani faifai, kana yi kana koya mini: tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sannan ta dawo musu a hankali. Tana kuma rubuta taswirar inda ta tsaya, shi ya sa da faifan ya ɗauke sau biyu ba mu koma farko ba. Kwana uku aka yi, kullum kana leƙowa bayan ka tashi aiki. Da aka gama ka ajiye tsohon faifan gefe, duk sauran aiki a kan kwafin aka yi. Ka kuma nuna mini bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, lamba 5 da 197, masu ƙirga gurabe da suka lalace. Ashe faifan ya daɗe yana kuka, ba wanda ke sauraro.

Manhajar ceto fayiloli mai suna PhotoRec ta dawo da fayiloli daga kwafin, amma ba suna, ba folda, sai lambobi. Hotuna sun zo da sauƙi domin ranar ɗauka na cikinsu; ƙanwata ta jera su shekara-shekara, na gode ƙwarai. Saƙonnin murya kuwa ba su da wannan. Uwargida ce ta zauna dare biyu da abin sauraro a kunne, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ta ware na Inna guda goma sha bakwai. Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Wasu bidiyoyin 2021 sun tafi, na haƙura.

Yanzu kwafi uku nake ajiyewa, a na'ura iri biyu, ɗaya yana gidan Yaya, kuma duk wata zan buɗe wasu in tabbatar suna aiki. Malam, faifanka na nan, gobe zan kawo maka da kaina. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.