Ganyen tomati da ya sa ni cin ƙasa a garkar Kawu

Da na dawo Tahoua daga karatun noma a Kollo, kawuna ya yanka mini fangali goma sha biyu a gefen garkarsa da ke kwarin Tadis, dab da rijiya. Shi albasa yake yi, ƴar Galmi, kamar yawancin manoman rani na Adar. Ni kuwa na ce tomati zan dasa, kuma babu takin zamani, babu maganin kanti, sai takin gida da abin da itace ya bayar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To ɗan lakkol, Allah ya ba da sa'a."

Na yi dashe a watan Nuwamba. Sati uku bayan haka ganyen ƙasa suka fara rawaya a fangalin da ke gangare. Ban ko tsaya tunani ba, don wannan na haddace shi: in tsofaffin ganye ne suka fara rawaya, sinadarin azot, abincin shuka mai sa ganye kore, shi ne ya yi ƙaranci, shuka tana kwashe ɗan wanda ke akwai daga tsofaffi tana kai wa sababbin toho. Na samo kashin kaji rabin buhu, ɗanye, ko ruɓewa bai yi ba, na barbaɗa a gindi, na ƙara ruwa don ya narke. Kwana huɗu sai bakin ganyen ya ƙone kamar an gifta da wuta, rawayar kuma tana nan, har ta hau sama.

Kawu ya zo da hantsi, bai kalli ganyen ba sam. Ya tsuguna ya cusa yatsa cikin ƙasa, ya fito da shi da laka caɓa-caɓa. Ya tuge gindi ɗaya ya miƙo mini a hanci. Saiwar ta yi baƙi-baƙi, tana wari kamar tsumman da ya kwana a randa.

"Sau nawa kake ba su ruwa?"

Na ce safe da yamma, Kawu.

"A wannan sanyin? A laka? Ai ka nutsar da su ne, ɗana. Wanda yake nutso ba tuwo yake nema ba."

Abin da littafi ya faɗa gaskiya ne, azot ɗin bai isa ganye ba. Amma yana nan cikin ƙasa, saiwar ce ta rasa iska ta kasa ɗauka. Ni na amsa tambayar da ba a yi mini ba, na ƙara wa shukar ƙuna a kan ciwonta. Daga ranar na fara tuge gindi ɗaya kafin in yanke hukunci, ko da raina yana sosuwa, don hasarar gindi ɗaya ta fi ta fangali sauƙi.

Tugewar ce ta ceto ni a ɓangaren yashi. Can shukar takan yi laushi da tsakar rana ko da ƙasa na da danshi, ta farfaɗo da maraice. Da a da ne sai in ce ƙishirwa ce in ƙara ruwa. Na tuge, sai ga saiwa duk ƙulli-ƙulli kamar carbi. Tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, mai son ƙasar yashi da ɗumi. Ƙullinta daban yake da na wake ko gyaɗa, wanda shi alheri ne kuma yana ɓallewa in ka murza. Wannan kumburin jikin saiwar ne da kanta. Na tambayi Kawu me aka shuka a wurin bara, ya ce kuɓewa, kafin nan kuma yalo. Duk abincinta ne. Da na yi wannan tambayar tun kafin dashe, da albasa zan sa a wurin.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Janairu. Ganyen kan tsiro suka ƙanƙance, suka nannaɗe sama kamar cokali, gefensu rawaya. Na ce ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, tunda shi a sababbin ganye yake fara nunawa. Amma na ƙarfe ganyen ba ya murɗewa haka, yakan yi fari-fari ne jijiyoyinsa su tsaya kore. Wata safiya na girgiza gindi ɗaya, sai ƙananan fararen ƙudaje suka tashi kamar an busa gari. Ashe cuta ce, su ne ke ɗauko ta daga wannan gindi su kai wancan, kuma in ta shiga babu magani, na gargajiya ko na kanti. Na san haka sarai. Amma gindi biyar ne, har sun fara fure, sai tausayi ya kama ni na bar su kwana goma. Da na zo tugewa, ashirin da wani abu na tuge.

Ita kuwa tsutsar nan da ake kira Tuta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka, ta sauka Spaniya a 2006, ta kuma cinye tomatin Kano da Kaduna a 2016, ganinta ba ya wuya in ka san yadda ake dubawa. Ka ɗaga ganyen a rana. Za ka ga wani fili fari kamar taga, a ciki ga ƴar tsutsar da baƙin kashinta. Da hannu nake tsinke irin waɗannan ganyen in binne su nesa. Sauran kuma ƴaƴan bedi: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, musamman bayan ganye inda ƙwari ke fakewa. Na ce kaɗan, na kuma ce da yamma, don na taɓa cika sabulu na fesa da rana tsaka, washegari na tarar da tabo a ko'ina har na fara neman sunan wata sabuwar cuta. Ni ne cutar.

Yanzu ina da ƙaramin littafi a aljihu, duk ya yi datti. Kafin in taɓa komai sai na rubuta a wane ganye abin ya fara, na ƙasa ko na sama, fangali ɗaya ne ko duka, me na zuba ko na fesa a satin, me na gani a bayan ganye, me saiwa ta nuna. Sau da yawa kafin in kai layi na uku na riga na kama kaina.

Fangali bakwai suka kai ga girbi a cikin goma sha biyun. Ranar da nake ɗaure kwandunan ƙarshe, iskar hunturu ta riga ta ja baya zafi ya fara leƙowa, Kawu ya ƙwala mini kira daga cikin albasarsa. Na iske shi riƙe da ganye mai zane-zanen fari kamar azurfa.

"Zo ka duba mini wannan, ɗan lakkol. Idona ba ya ganin ƙanana yanzu."

Na tsuguna na buɗe tsakanin ganyen a hankali, can gindin wuya, sai ga ƙananan ƙwari suna gudu, sirara kamar tsinken allura.