Sati uku ina gyaran takardun Yahudawa a New York

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu barcina bai dawo daidai ba, ƙarfe 3 na dare idona biyu, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba. Waɗanda suka san ni sun san aikina, bin gidajen malamai ina ɗaukar hoton tsofaffin rubutun ajami. Wani taro ne ya kai ni Amurka, a can wata malamar jami'a ta ce idan ina son ganin yadda ake riƙon tsohuwar takarda in tsaya New York in ɗan yi aikin sa kai a YIVO, cibiyar binciken tarihin Yahudawan gabashin Turai. Da na faɗa wa mutanen gida a waya, yayana cewa ya yi kai kuma me ya kai ka wurin Yahudawa? Na ce Yaya takarda ce ta kai ni.

Tun ranar da na shiga ƙasar wani jami'i a filin jirgi ya ɓata min rai, ya ajiye ni kusan minti 40 yana juya fasfo ɗina kamar mai duba ƙwai a kasuwa, tambaya ɗaya sau huɗu, kuma ko sau ɗaya bai ɗago ya kalle ni ba. Allah ya haɗa ni da maganin wannan a Bronx, wani yanki na New York, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi, abokin wani abokina, shi ya sauke ni. Hausarsa irin ta Gana mai daɗi, ɗakinsa ɗaya da falo amma ya bar min gadon ya koma kujera, na yi rantsuwa ya ce Malam a zango ba a yi wa baƙo haka. Uwargidansa kullum da safe sai ta ƙulla min waake, shinkafa da wake irin na Gana, a roba.

Daga Bronx jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4 nake hawa zuwa Union Square, kusan dala 3 kowane hawa, na yi lissafinsa da naira sau ɗaya na daina saboda hawan jini. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa titi na 16. Ginin ba nasu ba ne su kaɗai, cibiyoyi 5 ne a ciki, kuma a ƙofa sai an caje ka da na'ura kamar za ka hau jirgi.

Aikin da aka ba ni ba wani na burga ba ne. Cire ƙusar takarda da ta yi tsatsa, miƙar da shafin da ya naɗe, sa shi a sabon fayil, rubuta lamba da fensir. Biro haramun ne a wurin, ruwan sha ma a waje ake barinsa. Ɗakunan ajiyar kuwa sanyi kamar tsakiyar hunturu, wai takarda ba ta son zafi da laima. Ni kuwa na tuna akwatin ƙarfen wani gida a cikin birni da muka buɗe bara, rabin littattafan gara ta gama da su, sauran kuma ɗigar damina ta manne su kamar waina.

Ranar farko da aka ajiye min fayil na buɗe shi ta dama ba tare da tunani ba, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi dariya ta ce kai ne baƙo na farko da ban koya wa wannan ba. Ita ma sa kai take yi, ta haura 80, kowa sunanta yake kira gatsau har yaran da ta yi jika da su, ni dai bakina ya ƙi, Mama nake ce mata, da farko ta yi mamaki daga baya ta saba. Ita ta fahimtar da ni cewa yawancin takardun da yaren Yidish ne, yare ne da ya yi kusa da Jamusanci amma da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi. Na ce Mama ai wannan ajami ne! Mu ma haka kakanninmu suka ari baƙaƙen littafin addini suka rubuta harshen gida. Da ta fara jero min baƙaƙensu, alef, beys, giml, daled, hey, vov, zayen sai na ƙarasa mata da abajada hawaza, ta zaro ido. Har shekara da baƙaƙe suke rubutawa a tsofaffin littattafansu, irin ramzin da malamanmu ke sawa a ƙarshen waƙa. Wallahi ranar ban yi aikin kirki ba, sai zane muke ta yi wa juna a takarda.

Labarin yadda takardun suka iso nan shi ne ya tsaya min a rai. An kafa YIVO a 1925 a Vilna, lokacin tana ƙarƙashin Poland, yanzu ita ce Vilnius babban birnin Lithuania. Talakawa ne suka riƙa tara musu kaya kyauta daga ƙauyuka, waƙoƙi, karin magana, sanarwar bango, wasiƙu, har suna da sunansu, zamler, wato mai tarawa. YIVO ta sa wa matasa gasar rubuta tarihin rayuwarsu a 1932 da 1934 da 1939, ta ƙarshen ranar 1 ga Satumba za a faɗi waɗanda suka ci, ranar kuwa Hitler ya afka wa Poland. Max Weinreich, ɗaya daga waɗanda suka kafa wurin, shi ya mayar da hedikwatar New York a 1940. Da Jamusawa suka kama Vilna a 1941 sai suka tilasta wa wasu Yahudawa masu ilimi, har da mawaƙi Abraham Sutzkever, su tsince takardu masu daraja a kai Frankfurt a Jamus, saura a kai kamfani a niƙe. Su kuwa sai su cusa takardu a cikin riga su wuce da su ta gaban masu gadi, alhali in an kama mutum harbi ne. Takardun da aka kai Jamus sojan Amurka sun gano su, suka iso New York a 1947. Takardun da suka rage a Vilna kuma, bayan yaƙi, wani ma'aikacin laburare, Antanas Ulpis, wanda ba ma Bayahude ba ne, ya ɓoye su a cocin St. George don kada gwamnatin Sobiyet ta hallaka su. Ko a 2017 sai da aka sake gano shafi wajen 170,000. Yanzu an ɗauki hoton shafi sama da miliyan 4 an zuba a intanet, kyauta, kana Fagge ma za ka iya buɗewa.

Mama ta kai ni cin abincin rana sau ɗaya, wurin kosha, wato halak ɗinsu, babu alade ko kaɗan, hankalina ya kwanta. Burodi da nama kawai amma sama da dala 20, kuma sai ka ƙara wa mai kawowa na goro dole, ita ta biya ta hana ni taɓa aljihu. Maganar Falasɗinu ta taso sau ɗaya, na faɗi abin da ke raina ta faɗi nata, wani wurin mun haɗu wani wurin ba mu haɗu ba, muka koma kan fayil. Ranar Juma'a ina cewa zan tafi masallaci babu wanda ya ɗaga gira, su ma sauri suke saboda Asabar ɗinsu, ranar hutu da ibadarsu, tun faɗuwar ranar Juma'a take shiga.

Satin ƙarshe ya wuce kamar ƙiftawar ido. Alhaji ya kai ni kasuwar 'yan Afirka a titi na 116 a Harlem, wani ɗan Senegal ya sa min jaka dala 60, na taya 25, muka rabu a 35, ya ce daga ganin tayin nan Bakano ne. Mama ta ba ni kwalin fensir da takardar baƙaƙen nan da ta rubuta da hannunta. Dawowa awa 7 na yi a zaune ina jiran canjin jirgi, ba abin faɗa. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan koma gidan akwatin ƙarfen nan, na riga na yi wa mai gidan waya ya ce in zo bayan la'asar.